Maganaɗisu, reza ko soso: da me za a cire gansakuka a akwatin kifi ba tare da an karce gilashi ba?

Cire gansakuka daga bangon akwatin kifin ado aiki ne na minti goma. Abin da ke ɓata wa mai kiwo rai shi ne abin da gogewar take bari a baya, wato siraran layukan nan da ba a cika ganinsu da rana ba, sai an kunna fitilar akwatin da dare su fito fili. Gansakuka in an goge ta fita, in ta dawo a sake gogewa. Karcewa kuwa in ta hau gilashi ta zauna ke nan, kuma tana jawo wata matsalar, domin cikin waɗannan ƙananan ramukan ne sabuwar gansakuka take fara kamawa, inda soso ba ya kai wa.

Abu ba ya karce wani sai ya kai shi tauri ko ya fi shi. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa daga 1 zuwa 10, gilashin da ake haɗa akwatin kifi da shi yana wajen 5.5. Akirilik, robar nan garau da ake yin wasu akwatunan da ita, yana wajen 3. Ƙwayar yashi, wadda galibi dutsen kwaz ce, tana kan 7. Ƙarfen reza yana kusa da gilashi a tauri, amma ya fi akirilik nesa ba kusa ba. Duk wanda ya dubi waɗannan lambobin ya ga inda haɗarin yake. Sabuwar reza tana iya bin gilashi ba ta bar tabo ba, alhali ƙwayar yashi guda da ta maƙale ƙarƙashin soso mafi laushi tana jan layi daga wannan gefe zuwa wancan a shafa ɗaya. Yawancin karcewar da ake ɗora wa kayan gogewa laifinta, yashi ne ya yi ta. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowane kayan aiki da shi biyu ne: shin shi kansa ya fi bangon tauri, kuma shin yana iya riƙe yashi ya ja shi a jikin bangon?

Ka fara tabbatar da abin da aka yi akwatin da shi. Gilashi yana da sanyi a hannu, yana ƙara in an ƙwanƙwasa shi da farce, bakinsa yakan nuna ɗan kore, kuma akwai gam ɗin silikon a duk mahaɗarsa. Akirilik bai kai rabin nauyin gilashi ba, ƙararsa a dushe take, mahaɗarsa a narke take babu silikon, sau da yawa ma kusurwoyinsa na gaba a lanƙwashe suke. Akwatunan da masu yankan gilashi suke haɗawa a kasuwa gilashi ne. Ƙananan na kanti masu zuwa da murfi da fitila a haɗe, da yawansu roba ne, wasu ma robar ta fi akirilik saurin karcewa. In kana shakka, ka ɗauke shi a matsayin roba.

Sannan ka duba irin gansakukar, domin ba duka suke buƙatar ƙarfi ɗaya ba. Akwai mai ruwan ƙasa da ke rufe sabon akwati a makonnin farko. Yatsa ma yana share ta, kuma takan ragu da kanta in akwatin ya zauna. Akwai koriyar da ke shimfiɗuwa sirara a gilashi ta dushe gani, ita ma mai taushi ce. Akwai ɗigo-ɗigon kore masu tauri, zagayayyu, waɗanda soso yake wucewa ta kansu su tsaya daram. Waɗannan su ne suke sa mutum ya ƙara danna hannu, kuma a nan ake ɓarna. Akwai baƙa mai tsirowa cunkus-cunkus a gefen silikon da bakin bututun filta. Akwai mai yauƙi da wari, kore mai sirkin shuɗi, wadda asalinta bakteriya ce, tana ɓarewa a dunƙule, tiyo ma ya ishe ta. A akwatin ruwan gishiri kuma akwai mai launin hoda ko shunayya wadda take gina ɓawon alli a jikinta, ita ce mafi taurin duka. Farin layin da ke zagaye bakin ruwa ba ya cikin wannan lissafi. Gishirin ƙasa ne da ruwa ya bari bayan ya ƙafe, kuma maganinsa daban ne.

Maganaɗisu

Wannan guda biyu ne masu jan juna ta cikin gilashi: na waje mai laushin fuska da ake riƙewa, da na ciki mai kaushi da yake bin sa. Amfaninsa a fili yake. Hannu ba ya jiƙewa, kifi ba ya firgita sosai, kuma saboda sauƙinsa mutum yakan yi aikin sau biyu ko uku a mako, wanda hakan yana hana gansakuka yin tauri tun farko. Ga mai ruwan ƙasa da koriya mai taushi, babu abin da ya fi shi sauri. Ga ɗigo-ɗigo masu tauri kuwa ƙarfinsa kaɗan ne, sai an bi wuri ɗaya sau da yawa.

Amma cikin duk kayan da ake sayarwa don wannan aiki, shi ne ya fi karce akwatuna, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina shi. Fuskar ciki tana da ƙananan haƙora masu riƙe duk abin da ya shiga tsakaninsu, ga kuma ƙarfin maganaɗisu yana danne ta a jikin gilashi, mai gogewa kuma yana waje ba ya jin komai a hannunsa. In ƙwayar yashi ta shiga, ba zai sani ba sai ya gama zagaye fuskar akwatin. Yashin yana shiga ta hanya huɗu. Ko dai an gangara da shi har ya taɓa ƙasan akwatin, ko ɓangaren ciki ya saki ya faɗa kan yashi aka ɗauko shi aka ci gaba ba a ɗauraye ba, ko kifi masu tono irin su kifin zinare da dangin karfasa sun watsa yashi a ruwa, ko kuma yashin kansa yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi mantawa. Yashin rafi da wasu baƙaƙen yashi na kanti suna da ƙwayoyin da maganaɗisu yake ja daga nesa, ko bai taɓa ƙasa ba. Gwajin ba wuya: ka sa maganaɗisun a leda, ka bi da shi kan busasshen yashin kafin ka zuba a akwati. In baƙin gari ya manne a ledar, to ko dai ka canza yashi ko ka haƙura da maganaɗisu a wannan akwatin.

Wanda zai saya ya lura da abu uku. Na farko kaurin gilashi, wanda ake rubutawa a kwalin. Ƙarami na milimita 5 in aka sa shi a gilashi mai milimita 10 zai riƙa saki yana faɗuwa. Babba kuma in aka sa shi a siririn gilashi zai danne fiye da kima, ya yi wuyar ja, kuma in yashi ya shiga ramin zai fi zurfi. Na biyu, ya zama mai tasowa saman ruwa in ya saki, irin Mag-Float, domin wanda yake nutsewa kan yashi yake sauka. Na uku, in akwatin akirilik ne, sai wanda aka rubuta na akirilik a jikinsa, domin fuskar na gilashi ta yi masa kaushi. Akwai masu ɗan tsada da suka rage matsalar yashi ta hanyar ƙira. Tunze Care Magnet yana taɓa gilashi ne da siraran bakunan roba, jikinsa kuma a ɗage yake, saboda haka wurin da yashi zai maƙale kaɗan ne. Flipper yana da fuska biyu, soso da baki mai kankara, ana juya shi daga waje. In akwatin babba ne kuma gilashinsa mai tsada, kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Wajen aiki da shi, ka ɗauraye fuskar ciki ka shafa ta da yatsa kafin kowane amfani. Ka tsaya santimita 3 sama da yashi, kada ka wuce. Ka riƙa ja a hankali a miƙe, in ka ji wani ƙaiƙayi ko ƙara ka tsaya nan take ka fito da shi ka duba. In ka gama, ka cire shi daga ruwa. Barin sa a manne a kusurwa al'ada ce da ta yaɗu amma ba ta da kyau: ƙananan dodon koɗi suna shiga ƙarƙashinsa, yara suna jan sa don wasa, kuma in robar da ta rufe shi ta tsage, ƙarfen ciki yana tsatsa ya kumbura. Manyan kuma suna da ƙarfin da zai matse yatsa in suka haɗu babu gilashi a tsakani.

Reza da makankara mai bakin ƙarfe

Mutane da yawa suna tsoron sa ƙarfe a gilashi, amma a kan gilashi na gaske sabuwar reza tana cikin abubuwan da suka fi aminci. Bakinta siriri ne, ba shi da inda zai ɓoye yashi, yana tura ƙwayar gaba maimakon ya danne ta. Kuma tana yanke ɗigo-ɗigon kore da ɓawon ruwan gishiri a wucewa ɗaya, ba tare da an danna ba. Ɗigon da maganaɗisu zai bi sau ashirin, reza sau ɗaya take binsa, kuma kowace wucewa da aka rage dama ce ta karcewa da aka rage.

Sharaɗin shi ne bakin ya zama lafiyayye. Reza mai giɓi, ko mai tsatsa, ko wadda kusurwarta ta lanƙwashe, ita ce take karcewa. Ka ɗaga ta ga haske ka duba kafin ka tsoma. Ka zaɓi ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Rezar aski mai baki biyu tana aiki, sai dai tana zuwa da ɗan maiko a jikinta, a wanke shi da ruwan zafi, kuma a sa ta a mariƙi, domin riƙe ta da yatsu cikin ruwa hanya ce ta yankewa. Makankara mai dogon hannu, santimita 40 zuwa 60, ta fi dacewa da akwati mai zurfi, ko da yake hannu mai tsawo yana rage jin abin da bakin yake taɓawa.

A kwantar da bakin a kusurwar digiri 30 zuwa 45, duk faɗinsa yana taɓa gilashi. A tura gaba, a ɗaga, a dawo, a sake turawa. Kada a ja ta a gicciye ta tsawon bakin, kuma kada a jingina a kan kusurwa ɗaya don a cire ɗigo mai taurin kai. Gilashin ya zama a jiƙe koyaushe. In gaban akwatin mai lanƙwasa ne, bakin da aka riƙe a kwance zai taɓa gilashi ne da kusurwoyinsa biyu kawai, tsakiyarsa a sama, kuma kusurwoyin za su tona. A irin wannan a tsayar da bakin a tsaye a tura shi gefe, ko a koma ga roba. Tulun gilashi mai zagaye kuwa ba wurin reza ba ne sam.

Babban haɗarin reza ma yana ga silikon. In baki ya shiga ƙarƙashin gam ɗin mahaɗa ya ɗaga gefensa, gansakuka takan shiga ta ci gaba da ɓare shi, ƙarshenta yoyo. Ka bar tazarar santimita ɗaya daga kowace kusurwa, ka gama wurin da sabon buroshin haƙori mai laushi wanda bai taɓa ganin man goge baki ba. Bayan aiki a ɗauraye rezar da ruwa mai daɗi, a busar da ita, a ajiye inda yara ba sa kai wa. A akwatin ruwan gishiri har ƙarfen da ba ya tsatsa yakan nuna tabo in an bar shi a jiƙe, gara a canza baki akai-akai tunda ba shi da tsada.

A kan akirilik ko kowace roba, ƙarfe ba ya taɓa bango ko sau ɗaya. Babu kusurwa ko laushin hannun da zai sa ya yi daidai.

Tsohon katin banki da bakin roba

Wannan shi ne rezar mai akwatin akirilik, kuma mai gilashi ma yana buƙatarsa a wuri ɗaya da babu abin da ya kai shi: layin da bango ya haɗu da yashi. Ana tura yashin baya da yatsa, a jira ƙurar ta kwanta, a sa katin a kankare daga sama zuwa ƙasa, a ɗaga shi daga jikin bango kafin a dawo sama. Dawowa da shi a manne ita take ɗauko ƙwaya ta ja ta. Kati yana cire ɗigo-ɗigon kore in an yi haƙuri, amma bakinsa yana dakushewa ya yi gasa-gasa, kuma bakin da ya yi haka yana riƙe yashi. Ka shafa shi da yatsa, in ba santsi ka jefar. A yi amfani da gefen da ba shi da ƙarfen nan mai ruwan zinare.

Soso kala-kala

A nan ne ake yawan kuskure, domin soson kicin yana kusa kuma yana kama da na kanti. Koren gefen nan mai kaushi na soson wanke tukunya an barbaɗa masa ƙwayoyin goge ƙarfe, galibi sinadarin da taurinsa ya kai 9 a ma'aunin Mohs. Yana dushe akirilik nan take, gilashi ma yana bar masa siraran layuka masu yawa da suke fitowa in haske ya bugi wurin. Soson ƙarfe shi ma a bar shi a kicin, domin ban da karcewa yana zubar da ɓarɓashin da zai yi tsatsa a ruwa. Wasu sosunan kuma an jiƙa su da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga masana'anta, abin da yake illa ga kifi. Duk soson da ya taɓa sabulu ko garin wanki ya fita daga lissafi.

Abin da ya dace uku ne. Akwai soson da aka yi musamman don akwatin kifi, kuma yakan zo iri biyu, na gilashi da na akirilik. Na akirilik yana aiki a duka biyun, na gilashi a gilashi kaɗai. Akwai farar audugar roba da ake sa wa a filta, wadda dunƙule ɗaya nata yake share gansakuka mai taushi sarai kuma ya riƙe ta maimakon ya watsa ta a ruwa, in an gama a jefar. A ganina wannan ita ce mafi arha da aminci ga ƙaramin akwati, domin abin da ake jefarwa bayan amfani ɗaya ba ya tara yashi. Sai kuma farin soson melamin, wanda kamfanin BASF na Jamus yake yi da sunan Basotect, ake yanka shi a sayar da sunaye daban-daban. Yana cire koriya mai taushi da rabin ɗigo-ɗigo, masu akirilik da yawa sun dogara da shi. Sai dai a sayi fari zalla marar ƙamshi da sabulu, a yanka shi yanki-yanki mai kaurin santimita ɗaya ko biyu, a jiƙa shi sosai, kada a danna. Yana marmashewa da amfani, kuma shi kansa mai ɗan ci ne, saboda haka a kan roba mai sheƙi a fara gwada shi a bangon baya.

Fifikon soso a kan maganaɗisu shi ne hannu yana ji. In ƙwaya ta shiga, yatsa yakan gane kafin ta yi nisa. Rauninsa shi ne hannu yana shiga ruwa, don haka a wanke man shafawa da turare da ruwa zalla, a cire zobe da agogo da awarwaro, waɗanda su kansu suna karce bango in hannu ya goga.

Masu rai da ke cin gansakuka

Waɗannan suna rage yawan gogewa, ba sa maye gurbinta. Dodon koɗin nerit shi ne ya fi ƙoƙari a kan ɗigo-ɗigo masu tauri, ɗaya ya isa lita 20 zuwa 40, kuma ba ya cika akwati domin 'ya'yansa ba sa rayuwa a ruwa marar gishiri. Amma macen tana manna fararen ƙwai masu tauri kamar ƙwayar riɗi a kan itace da gilashi, su ma sai an kankare. Ƙaramin kifin Otocinclus gwani ne a kan mai ruwan ƙasa, yana son zama cikin garke na biyar ko shida, kuma yana mutuwa da yunwa a akwatin da aka goge tas. Kifin Ancistrus girmansa yana tsayawa a santimita 12 zuwa 15, ya dace da akwati mai lita 100 zuwa sama. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne babban kifin fileko da ake sayarwa yana ƙarami kamar ɗan yatsa: yana wuce santimita 30, kashinsa yana da yawa har ya ƙara wa gansakuka taki, kuma in ya girma kada a sake shi a rafi ko dam, domin a ƙasashe da dama ya zama annoba ga kifin gida. Duk mai irin waɗannan ya bar musu bangon baya ba gogewa.

Ruwan khal, bilic da sauransu

Farin layin bakin ruwa, wanda ya fi yawa ga masu amfani da ruwan rijiya ko burtsatse mai nauyi, khal ne maganinsa. A rage ruwa santimita 5, a jiƙa takardar tishu da farin khal a matse ta yadda ba za ta ɗiga ba, a manna a kan layin minti goma, a ɗauke, a share da wata tishu mai ruwa. Ragowar sai reza ko kati. Kankare shi a bushe kuskure ne, domin ɓawon yana haɗe da ƙura. In bayan khal sau biyu wurin yana nan da hazo, to gilashin ne kansa ya ciwu, kankara ba za ta gyara shi ba.

Baƙar gansakuka da ta kama silikon, in an rage ruwa ta fito fili, ana ɗiga mata haidurojin feroksaid na kantin magani mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 da auduga, a jira minti uku zuwa biyar, a share. Kada abin da zai shiga ruwan ya wuce mililita ɗaya ga kowace lita huɗu. Bayan kwana biyu ko uku takan koma ja ko fari, alamar ta mutu, sai buroshi ya ɗauke ta cikin sauƙi. Bilic kuwa na akwatin da babu kifi ne kaɗai: kashi ɗaya cikin kashi 19 na ruwa, minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau da yawa, a sa maganin cire kulorin, a bar shi ya bushe kwana ɗaya. Ba a haɗa bilic da khal, haɗinsu yana fitar da iska mai guba. Magungunan kashe gansakuka masu tagulla suna kashe dodon koɗi da jatan lande, kuma matacciyar gansakukar tana nan a bango sai an goge ta.

Jerin aikin yana da tasiri kamar kayan aikin. A kashe hita da famfo, domin ruwa mai motsi yana ɗaga yashi. A goge bango kafin a taɓa ƙasan akwatin. Wanda ya fara zuƙe tsakuwa ya cika ruwan da ƙwayoyin da za su sauka kan sosonsa. A fara daga sama a gangaro, da abu mafi laushi, sannan a koma wa abin da ya rage da reza ko kati. Layin yashi shi ne na ƙarshe. Daga nan a zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da tiyo, domin gansakukar da aka kankare tana yawo da rai kuma za ta sake kamawa in an bar ta. Washegari a ɗauraye soson filta a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, ba ruwan famfo mai kulorin ba.

To wanne za a saya? Mai akwatin gilashi na lita 60 zuwa 200 mai tsakuwa manya ya sayi maganaɗisu mai tasowa daidai kaurin gilashinsa da makankara mai reza, sun ishe shi. In yashi mai laushi ne a ƙasa, ko kifin masu tono ne, audugar filta a hannu da reza sun fi maganaɗisu aminci, sai dai in zai sayi irin mai ɗagaggen jiki. Mai akirilik ya tsaya ga audugar filta ko melamin da kati, kuma ya riƙa gogewa kowane kwana biyu ko uku, domin ba shi da damar sa wa ɗigon da ya tsufa reza. Ƙaramin akwati da bai kai lita 30 ba hannu ya fi masa komai. Mai ruwan gishiri a gilashi ba shi da mafita sai bakin ƙarfe.

Fuskar waje ma tana karcewa, musamman da hunturu, domin ƙurar tana ɗauke da ɓarɓashin kwaz. Share ta da busasshen tsumma goga ce da yashi. A jiƙa tsumma mai laushi, a ɗauke ƙurar da shafa ɗaya ba dannawa, a juya tsumman sannan a goge. Fuskar wajen maganaɗisu ma a kaɗe ta. Ruwan goge taga mai amoniya ko barasa yana sa akirilik ya yi tsage-tsage na dindindin, kuma fesa shi kusa da buɗaɗɗen akwati yana kai shi cikin ruwa.

In an riga an karce, a nan akirilik ya fi gilashi sa'a. Ana bin wurin da takardar goga ta ruwa daga lamba 1500 ana hawa mataki-mataki har 12000, kowane mataki a gicciye da na baya, sannan a fito da sheƙi da man goge roba bayan an kwashe kifi da ruwa. Gilashi yana buƙatar garin goge gilashi da ake kira seriyam da injin goga da sa'o'i masu yawa, kuma ramin da farce yake tsayawa a cikinsa ya wuce gyaran gida. In an nace, wurin yakan lotsa ya riƙa murɗe hoton kifi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a juya akwatin, fuskar da ta lalace ta koma bango.

Yawan gogewar da za a yi kuma yana hannun haske da abinci. Fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta isa, akwati ya nisanci tagar da rana take shigowa kai tsaye, abinci ya zama wanda kifi zai cinye cikin minti biyu, kuma a riƙe canjin ruwa na mako-mako. Akwatin da gilashinsa yake rufewa da kore cikin kwana biyu bayan an goge, a fara rage masa awa biyu na fitila a duba shi bayan mako biyu kafin a sayi wani sabon kayan kankara.